Ludayin Lauwali Mai Gaɓa Biyu

Wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Na manta shekarar, sai dai na san bayan cutar nan ce da ta sa kowa rufe hanci, domin har lokacin ana tsintar tsummokaranta a kwata. Na manta ko kwana tara na yi a unguwar Maamobi ta Accra ko wata biyu. Ɗan littafin da nake rubuta irin waɗannan abubuwa ya bi wata mota zuwa Tamale ba tare da ni ba. Abin da ya rage mini shi ne mutanen, da ludayin, da ƙamshin yajin, kuma waɗannan suna nan daram.

A layin da na sauka akwai wani mai walda ana ce masa Lauwali. Ya yi shekara ashirin a Abossey Okai, kasuwar kayan mota, ya dawo da tabo a yatsu da sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa. In ka ba shi buta ya liƙe maka, kafin ya gama sai ka ji yadda ya taɓa yi wa jirgin ruwa faci a Tema jirgin yana tafiya. Butar kuwa za ta ci gaba da yoyo, amma ta wani wurin daban. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, kuma duk layin ya san inda idonsa ya koma.

Ya koma kan Awabu mai waakye, wato shinkafa da wake irin dafuwar can. Teburinta yana bakin layi, yana kallon ƙaramin masallaci. Tun daga asuba har hantsi ba a rasa layin mutane a gabanta, ba don shinkafar kaɗai ba, sai don shito ɗinta, baƙin yajin nan da ake soyawa da mai da busasshen kifi har ya yi kauri. Shekara goma sha takwas tana ɗaga ludayi tana zubawa, har kafaɗarta ta dama ta fara kuka. In ta ɗaga hannu sai ka ga ta cije leɓe.

Waliyyinta yayanta ne, Malam Nuhu, limamin masallacin, mutum mai farar riga da ƙarancin magana. Sau uku Lauwali yana zuwa zaurensa neman aure. Sau ukun yana farawa da tarihin jirgin Tema, kafin ya iso kan Awabu an kira salla.

Wata ranar Asabar Malama Hidaya ta zo rumfarsa da takarda a hannu. 'Yar kawunsa ce, wato taubashiyarsa, don haka tana da izinin faɗa masa abin da kowa yake haɗiyewa. Tana koyar da kimiyya a wata sakandare, tana kuma ƙarin karatu.

"Bawan gidanmu," ta ce, "ajiye ƙaryar da kake yi wa mutumin nan, ga aiki."

"Injiniya ake cewa."

"To Injiniyan buta. Sanda biyu na ƙarfe nake so. Na sama a rataye a jikin katako, na ƙasa a rataye a jikin na sama, kowace gaɓa da boris don ya juya sumul. Lilo ne mai gaɓa biyu. Kada ka ƙara masa komai daga kanka."

Ya yi mata shi a yini ɗaya, kuma gaskiya ya yi kyau, domin Lauwali in aka tsare shi da ido hannunsa yana da kirki. Hidaya ta zauna nan rumfar ta shiga nata aikin. Ta auna nauyin kowane sanda a sikelin mai nama. Ta ɗora kowanne a kan bakin wuƙa tana matsawa har ta sami inda yake tsayawa bai karkata ba, ta sa alama. Ta ɗan kaɗa kowanne shi kaɗai, ta ƙirga kaiwa da komowa goma da agogon wayarta. Sannan ta zuba duk wannan a kwamfuta.

"Duk wahalar nan ta mece ce?" in ji Lauwali. "Ƙarfe ne fa."

"Don ƙarfe ne. Da dutse ne a bakin zare, nauyin wuri ɗaya yake. Wannan nauyinsa a baje yake tun daga sama har ƙasa, dole in san yadda ya bazu. Zo ka gani."

A fuskar kwamfutar ga hoton lilo biyu, ja da shuɗi, ɗaya a kan ɗaya. Ta ce ta ɗaga su sama daidai da juna, sai dai shuɗin ya ɗara jan da abin da bai kai kaurin gashi ba. Ta danna. Suka faɗo tare, suka kaɗa tare sau biyu, sau uku. Can sai jan ya wuntsila hagu, shuɗin ya naɗe dama, daga nan kowa ya kama gabansa kamar ba su taɓa sanin juna ba.

"Lissafinki ya ɓaci," in ji Lauwali da murna.

"Lissafin lafiyarsa ƙalau. In ka ɗan kaɗa shi kaɗan, zan faɗa maka inda zai je har gobe. In ka ɗaga shi sama, sai ka sake shi daga wuri ɗaya tak sau biyu kafin ya maimaita tafiya, kuma ba mai hannun da zai iya haka. Abu ɗaya na tabbata: in ya gaji zai tsaya yana kallon ƙasa."

"Kwamfutarki matsoraciya ce. Ni ƙarfe yana jin maganata."

Ta ɗauki kayanta ta tafi tana dariya. Shi kuwa ya tsaya yana duban hannunsa. Ya kaɗa kafaɗa, ya lanƙwasa gwiwar hannu. Gaɓa biyu. Ya leƙa bakin layi, ya hango Awabu ta ɗaga ludayi ta cije leɓe. Nan take shirin ya faɗo masa gaba ɗaya, har ya ji tausayin sauran masu walda na duniya.

Da la'asar ya tari Malam Nuhu a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, don kada tarihin jirgi ya sake cinye shi.

"Malam, zan ƙera wa Hajiya Awabu hannu."

"Tana da biyu," in ji Malam.

"Na ƙarfe, Malam. Tukunyar shito a ƙasa, faranti a gefe. A ja hannun baya, a sake shi, ya sauko ya ɗebo, ya hau ya lanƙwasa gwiwa ya zuba a faranti. Ludayi ɗaya, ba ragi ba ƙari. Kafaɗarta ta huta har abada."

Mutawakilu tela, wanda shagonsa ke jingine da rumfar Lauwali, ya ce, "Ei, Masta. Wanda zai ja shi baya fa, da ƙafa zai ja?"

"Wannan mataki na biyu ne. Kai ka tsaya a kan allura."

Malam Nuhu ya ja carbi. Ya gaji da Lauwali, kuma ya ga ƙofa ta buɗe. Ya ce, "Juma'a ta sama, bayan an sauko, zan kawo farantina. In ƙarfenka ya zuba mini shito a ciki a gaban mutanen nan, na ba ka Awabu in ta yarda. In bai zuba ba, ka daina zuwa zaurena, ka daina tsayawa a teburinta kana hana ta ciniki."

"Na yarda!" in ji Lauwali, tun Malam bai rufe baki ba.

Da labarin ya isa teburin waakye, Awabu ta dai ƙara wa mai saye na gabanta ganda ba tare da ya nema ba.

Lauwali ya ce na Hidaya abin wasan yara ne, nasa sai ya ninka shi uku. Ya yanko sandan sama daga sifirin tsohuwar mota, na ƙasa daga rodi, ya liƙa babban ludayi a baki, ya kafa gaba ɗaya a jikin turken ƙarfe a bayan rumfarsa. Ya shafe bangon baya da baƙin fenti, ya sayo alli. Dabararsa ita ce ya sake hannun sau da yawa, duk inda ludayi ya zubar ya sa alama, inda alamomi suka taru nan za a ajiye faranti.

Gwajin farko da ruwa ya yi. Ya ja hannun ya kai shi daidai kafaɗa, ya saki. Ludayin ya sauko ya ɗebo ruwan kamar mai hankali, ya hau, sannan gwiwar ta yi wata irin wuntsilawa ta wurga shi ta kan katanga. Aka ji ihu daga shagon tela.

"Leshin amarya!" Mutawakilu ya fito da yadi yana ɗiga. "Cale, abokina, leshin amarya ne, gobe za a karɓa!"

"Ka ga ƙarfi ko?" in ji Lauwali. "Saura saiti kawai."

Ya sake ja daga wurin. Wannan karon ruwan ya zo masa a ƙirji. Na uku ya tafi sama ya dawo cikin tukunyar. Na huɗu bai zubar ba sam, ludayin ya zagaya sau biyu ya komo da ruwansa. Lauwali ya yi ta sa alama, kafin magariba bangon ya koma kamar zabuwa.

"Iskar teku ce," ya ce wa maƙwabta da suka taru.

Washegari ya kewaye wurin da buhuna, ya koma gwaji da garin rogo don a daina kuka da jiƙa. Garin ya watsu ko'ina, kajin layin suka ji labari. Kafin azahar kaji sun fi talatin a bayan rumfar, da wata tunkiya da ba a san mai ita ba. Ludayin ya zabgi wani zakara a wutsiya, zakaran ya tashi ya faɗa kwanon koko na wata tsohuwa, tsohuwar ta zage Lauwali da Hausa, ta ga bai isa ba ta ƙara da yaren Ga, ta rufe da na Twi.

"Trotro ne, motocin hayar nan," in ji Lauwali. "Duk motar da ta wuce titi ƙasa tana girgiza."

Ya riƙa jira sai titi ya yi shiru kafin ya saki, abin da a Maamobi kan ɗauki rabin sa'a. Ya buga ƙusa a bango don ya riƙa saki daga kanta. Ya ɗaure hannun da zare ya ƙona zaren da ashana don kada yatsansa ya taɓa. A ƙonawa ta uku ludayin ya zo ta baya ya ɗauke masa hula, ya kai ta sama, ya ajiye ta a kan kwanon rufin tela.

"Wannan karon kam ya zuba daidai," in ji Mutawakilu. "A kawo farantin Malam a ɗora a kan rufina."

"Idonka ne, Mutawakilu. Tun da kake leƙe bai yi daidai ba."

"Idona? Ni rufe shi nake in na ji ka ce bismilla."

Daga nan aka yi kwana uku ana ruwa, irin ruwan Accra da ke cika babbar kwata har ta fito gaisuwa. Lauwali ya manta bai rufe hannun ba. Da aka ɗauke ya je ya ja ya saki, sai ga abin mamaki. Hannun ya sauko a hankali yana ƙiiƙii, gwiwar ba ta wuntsila ba, ta ɗan lanƙwasa kawai a ƙarshe ta tuntsurar da ruwan a gefen dama. Ya sake, ya zuba nan. Ya sake, nan dai. Sau goma, bakwai a cikin da'ira guda wadda faranti zai rufe.

Lauwali ya fita titi ba takalmi. "Ya ji magana! Ku zo ku gani, ƙarfe ya ji maganar ubangidansa!"

Ya aika aka kira Hidaya don ta zo ta ji kunya. Ta zo ranar Laraba bayan an tashi makaranta, Awabu ma ta biyo ta da zummar kawo wa Lauwali sauran waakye. Hidaya ta kalli gwaji biyu, ta kama gwiwar ƙarfen ta murɗa, ta duba yatsunta.

"Tsatsa ce," ta ce.

"Lissafi ne."

"Tsatsa ce, bawan gidanmu. Boris ɗin gwiwa ya cije, sanda biyun sun kusa zama ɗaya, shi ya sa ya yi ladabi. Allah ya rufa maka asiri da ruwan sama. Kada ka taɓa shi. Kada ka sa masa mai. Kada ka ɗaga shi ya wuce inda kake ɗagawa yanzu. Ka bar shi haka har Juma'a, wataƙila ka yi aure."

Lauwali ya dubi Awabu, ya ga ta ji kalmar tsatsa. Tsatsa a aikin Injiniya, a gaban matar da yake nema! Ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

"In ya haukace fa, ina yake tsayawa?" Awabu ta tambayi Hidaya.

"Ba wanda ya san inda zai bi, Hajiya. Amma ƙarshensa nan." Ta nuna ƙasa, daidai ƙarƙashin turken. "Kullum nan."

Awabu ta gyaɗa kai, ta ajiye kwanon ta tafi.

Ranar Alhamis da sassafe Lauwali ya hau mota zuwa tashar Circle, daga can ya wuce Abossey Okai. Ya shiga wurin tsofaffin abokansa ya ce yana son boris biyu waɗanda ba su da na biyu a kasuwar. Aka fito masa da wasu a cikin takarda mai maiƙo. Ya murza ɗaya da yatsa, ya yi ta juyawa har aka gama gaisawa bai tsaya ba. Ya dawo ya cire masu tsatsar ya jefa kwata, ya saka sababbin, ya cika su da giris, ya goge ƙarfen da yashi har yana ɗaukar ido, ya yi wa ludayin fentin azurfa.

Mutawakilu ya leƙo. "Masta, ba za ka gwada ba?"

"Mai shakka ne ke gwaji sau biyu. Tun da mai tsatsa ya ba da bakwai cikin goma, wannan sai ya ba da goma sha biyu."

Ya lulluɓe shi da zanen gado.

Ranar Juma'a Awabu ta yi dafuwa ta biyu musamman. Aka kafa turken kusa da teburinta, aka ajiye babbar tukunyar shito a ƙarƙashi, cike har wuya, mai yana ƙyalli a sama. Da aka sauko daga babban masallaci, mutane suka biyo Malam Nuhu, kowa cikin kayan Juma'a, fari ya fi yawa. 'Yan unguwar Nima ma sun ji sun tsallako. Mata suka cika baranda, masu waya suka ɗaga. Hidaya ta zo, ta hango ƙyallin ƙarfe ta ƙarƙashin zanen, ta ja baya taku goma ta tsaya bayan tankin ruwa.

Malam Nuhu ya zauna a kujera cikin sabuwar farar riga mai aiki a wuya. Awabu ta zuba masa waakye a farantinsa na tangaran, da taliya da ƙwai, ba shito. Lauwali ya karɓa ya ajiye a kan kujerar katako daidai inda da'irar allinsa ta nuna, ya juya shi kaɗan, ya sake juyawa.

Ya yaye zanen. Jama'a suka ce, "Ei!"

Sai da ya yi jawabi. Ya ce Turawa sun yi shekara ɗari suna tsoron ƙarfen nan, kwamfutocinsu sun ɗaga hannu, sai ga ɗan Maamobi ya sa masa linzami da alli ɗaya. Ya ce bayan Awabu zai yi wa masu koko, da masu tuwo, har a daina ganin mace da ciwon kafaɗa daga nan zuwa Bawku. Ya fara shiga maganar jirgin Tema, Malam ya yi gyaran murya.

Lauwali ya kama hannun ya ja shi zuwa kafaɗa, inda ya saba.

"Ba ma gani!" aka ce daga baya. "Masta, ɗaga sama!"

"Kada ka ɗaga!" in ji Hidaya daga bayan tanki.

Lauwali ya dubi inda muryarta ta fito, ya yi murmushi. Ya hau benci, ya ɗaga hannun har ludayin ya kusa taɓa wayar lantarki.

"Malam, gyara zama. Bismilla."

Ludayin ya sauko ba ko ƙara, ya nutse cikin tukunyar ya fito cike, ya wuce farantin ko kallo bai yi ba. Ya hau sama, gwiwar ta juya sau biyu kamar mai rawa, ta saki shito a jere a kan sahun gaba, tun daga ladan har wani ɗan kasuwa da ya zo daga Zongo Lane. Fararen riguna bakwai suka sami layi ɗaya.

"Wannan ɗumama jiki ne!" Lauwali ya yi ihu. "Kada kowa ya motsa, za ku ɓata iska!"

Ba wanda ya ji shi. Hannun ya komo ta baya, ya sake ɗiba, wannan karon ya aika baranda. Mata suka watse suna salati. Ya dawo kamar zai tsaya, mutane suka ɗan saki numfashi, sai ya yi wata wuntsilawa ya ɗauke hular Mutawakilu, ya tsoma ta cikin tukunyar, ya fito da ita ya manna a bangon masallaci.

"Hulata ta Makka!" in ji tela. "Lauwali, wallahi sai na ɗinke maka baki!"

Lauwali ya duro daga benci ya kai hannu zai kama. Ya tare shi ta dama, ya zo ta hagu. Ya sunkuya, ya wuce ta sama. Ya miƙe, ludayin ya same shi a mazaunai ya tura shi kan tiren ƙwai. A zagaye na gaba bakin ludayin ya saƙalo kunnen tukunyar ya kifar da ita, shito ya malala yana bin gangare zuwa kwata, tunkiyar nan da ba a san mai ita ba ta bi ta ciki da gudu ta shiga tsakanin ƙafafun mutane tana raba musu saura.

Duk wannan Malam Nuhu bai tashi ba. Yana zaune da carbinsa, fari fes, shi kaɗai a sahun gaba. Hannun ya fara gajiya, yana kaiwa yana komowa. Malam ya buɗe baki zai yanke hukunci. Sai gwiwar ta yi ɗan tsalle na ƙarshe, ta ɗora masa abin da ya rage a tsakiyar ƙirji, daidai kan aikin wuya.

Layin ya yi tsit. Ba ka jin komai sai atishawa nan da can.

Malam ya dubi ƙirjinsa. Ya dubi farantinsa a kan kujerar katako. Waakye, taliya, ƙwai, ko ɗigo ɗaya na shito babu. A duk faɗin wurin, farantin nan kaɗai ya tsira.

"Lauwali," ya ce a hankali, "ka ga farantina?"

Lauwali yana zaune cikin fasassun ƙwai. Ya hango zauren da ba zai ƙara shiga ba, da teburin da zai riƙa zagayewa ta bayan masallaci. Ya sunkuyar da kai.

Hannun ƙarfen yana ta rage tafiya, taku ɗaya, rabin taku, har ya tsaya cak yana kallon ƙasa. A bakin ludayin wani ɗigon shito ya taru, baƙi, mai kauri, yana tsawo.

Awabu ta goge hannu a zani. Ta zagayo teburinta ba gaggawa, ta tsallake tafkin yaji, ta ɗauki farantin da hannun hagu saboda kafaɗar, ta ajiye shi ƙarƙashin ludayin. Ta tsaya ta riƙe ƙugu. Jama'a suka zuba ido. Ɗigon ya yi tsawo, ya yi tsawo, ya faɗa kan ƙwan.

"Yaya," ta ce, "ƙarfensa ya zuba maka shito a faranti. A gaban mutane."

"Ke kika kai farantin."

"Ka ce ya zuba. Ba ka ce wa zai ajiye faranti ba."

"Ɗigo ɗaya ne, Awabu."

"Likita ma ya ce ka rage yaji."

Baranda ta fashe da guɗa. Malam Nuhu ya dubi ƙanwarsa ya daɗe, ya dubi mutumin da ke cikin ƙwai, ya ja carbi uku.

"Wannan kike so? Wannan ɗin?"

"Shekara goma sha takwas ina cije leɓe a layin nan, Yaya. Kowa ya gani ya karɓi farantinsa ya wuce. Shi kaɗai ya je ya yi wani abu a kai, ko da haukan ne." Ta juya ga Lauwali. "Amma ka ji sharaɗina. Ƙarfen nan ya bar layin yau. Rigunan nan kai za ka wanke. Kuma tun da ka ce kafaɗata ta huta, ta huta. Gobe da asuba ka zo da hannunka na nama, shi ma gaɓa biyu gare shi."

Lauwali ya miƙe, ɓawon ƙwai yana zuba daga rigarsa. Ya dubi farantin, ya dubi ludayin, murya ta dawo masa.

"Kun gani? Daidai tsakiya! Nan na lissafa tun farko, sauran duk hanya ce!"

"Ku riƙe ni," in ji Mutawakilu. "Jama'a ku riƙe ni."

Hidaya ta fito daga bayan tanki, ko ɗigo babu a jikinta, ta ce a kai mata ƙarfen makaranta, ta daɗe tana neman abin da zai nuna wa ɗalibai abin da take faɗa.

Ban tuna ko na kwana a garin ranar ba, ko kuwa da yamma na wuce. Na yi shekaru ina ba da labarin nan ina tsayawa a nan, domin ban san ko an ɗaura auren ba, kuma ba na son ƙara abin da ban gani ba. Bara hanya ta sake bi da ni ta Maamobi. Na tarar da Lauwali a bayan teburin waakye da ludayi a hannu, yana gaya wa masu layi cewa shi ya koya wa jami'a lilo, Awabu na zaune a gefe tana naɗe ganye. Ban yarda da bakinsa ba, na je na tambayi Malam Nuhu. Ya ce shi da kansa ya ɗaura, mako uku bayan Juma'ar nan. Sannan ya shiga ciki ya fito da farar rigar ya shimfiɗa mini. An wanke ta sau tara, in ji shi, duka da hannun Lauwali, kuma tabon yana nan a tsakiyar ƙirji, faɗin tafin hannu. Na sa hanci na shinshina. Har yanzu yana ƙamshin kifi.